DARASI: In aure ya mutu, wa zai ci da yara?

Babu garin da aure ba ya mutuwa. Harshe da haƙori ma suna saɓawa. Miji ya saki matarsa, ko mace ta biɗi rabuwa, kowa ya kama gabansa. Amma sau da yawa akwai yara a tsakani. Wani yana goye, wani yana rarrafe, wani ya shiga lakkol. Yaran nan ba su san abin da ya haɗa uwayensu faɗa ba. Abin da suka sani shi ne yunwa, da sanyi, da ciwo.

Mace takan koma gidan ubanta da yaro biyu ko ukku. Rumbun gidan da ma bai kai damana ba, ga baki ya ƙaru. Uban yaran yana gari guda, ko yana ƙauyen gaba, amma ko tiya guda ta hatsi ba ya aikowa. In an yi magana ya ce: ai na sake ta. Ita kuma ta yi shiru, don kunya, ko don tsoron kada a karɓe mata yaran.

Wannan darasi yana bayani bisa hanyar da hukuma ta shimfiɗa wa uwaye don yaro ya samu haƙƙinsa. Ya shafi uwa, ya shafi uba, ya shafi kakanni da masu gari. A karanta shi sannu sannu a cibiyar yaƙi da jahilci. A tsaya ƙarshen kowane kashi a tattauna.

1. SAKI YANA KASHE AURE, BA YA KASHE HAIFUWA

Saki yana raba miji da mata. Ba ya raba uba da ɗansa. Mutum yana da tsohuwar mata, amma ba ya da tsohon ɗa. Nauyin ci da yaro yana nan bisa uba, ko yaron yana gidansa, ko yana hannun uwa, ko yana wajen kaka.

Addinin Musulunci ya bayyana haka. A Suratul Baƙara, aya ta 233, an ɗora wa uba ciyarwa da tufatarwa gwargwadon hali, kuma an hana a cuci uwa ko uba saboda ɗansu. A Suratuɗ Ɗalaƙi, aya ta 6 da ta 7, an yi umurni a ci da mace mai ciki da aka saki har ta haifu, a biya ta ladar shayarwa, kuma kowa ya ciyar gwargwadon abin da Allah ya hore masa.

Malaman mazhabar Malikiyya, wadda ita ce aka fi bi a ƙasar Nijar, sun ƙara bayani. Uba yana ci da ɗa namiji har ya balaga ya iya nema da kansa. Yana ci da ɗiya mace har ta yi aure ta tare. Sun ce kuma uwa ce ta fi cancanta da renon yaro. In ta yi wani aure, renon yakan koma ga kaka ta wajen uwa. Ko ina yaron yake, ciyarwa tana bisa uba.

Dokar ƙasa ma ba ta bar yaro ba. A shekarar 1990 Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya bisa haƙƙin yara. Yarjejeniyar ta ɗora wa uwaye nauyin rayuwar yaro. Ta kuma ɗora wa gwamnati nauyin ɗaukar matakai don a karɓo wa yaro abin ciyarwa daga wanda nauyin yake kansa.

2. MI AKE NUFI DA CI DA YARO?

Wasu suna tsammani in uba ya aiko da rigar salla ya gama. Ba haka ba ne. Ci da yaro ya ƙunshi abubuwa biyar:

Na ɗaya, abinci: hatsi, da mahaɗi, da nono ko madara ga ƙarami.
Na biyu, sutura: riga, da takalmi, da bargo lokacin ɗari.
Na ukku, wurin kwana: ɗaki, da tabarma, da gidan sauro.
Na huɗu, magani: kuɗin mota zuwa likita, da abin da likita ya rubuta.
Na biyar, karatu: allo, da littafi, da alƙalami, da abin da makaranta ta biɗa.

Abin da uba ya bayar na yaro ne. Uwa amana aka ba ta. Ba kuɗin biko ba ne, kuma ba kuɗin sayen kayan ɗaki ba ne. Uwar da ta gane haka ba ta jin kunyar biɗa, don ba wa kanta take roƙo ba. Uban da ya gane haka ba ya jin haushin bayarwa, don cikin ɗansa yake zubawa.

3. MATAKI NA FARKO: DANGI

Ba a fara da gidan shari'a. Maganar yara tana fara daga gida. Waɗanda suka ɗaura auren su ne farkon masu zama: waliyyin mace, da wakilin miji, da limami, da dattijan unguwa. A kira uba cikin mutunci. A ajiye maganar wa ya yi laifi cikin auren, don wannan ta wuce. A tsaya bisa tambayoyi huɗu:

Wajen wa yaran za su zauna?
Mi uba zai riƙa bayarwa, hatsi ko kuɗi ko duka biyu?
Yaushe zai riƙa bayarwa, kowace kasuwa, ko kowane wata, ko da kaka?
Ta hannun wa abin zai riƙa bi?

In an shirya, a rubuta. A nan ne karatun cibiya yake da rana. A biɗi wanda ya iya rubutu, ya rubuta da Hausa, ya sa kwanan wata, ya sa sunan yaran. Uba ya sa hannu, uwa ta sa hannu, shaidu biyu su sa hannu. Kowa ya riƙe kwafi guda. Baki yana mantuwa, shaida yana mutuwa ko ya yi tafiya, takarda tana nan.

4. MATAKI NA BIYU: MAI GARI DA SARKI

In dangi sun kasa, sai a je wajen mai gari ko mai unguwa. In abin ya fi ƙarfinsa, ya tura wajen sarkin kanto. Dokar sarakunan gargajiya ta shekarar 2015 ta ba sarakuna ikon sulhunta mutane cikin al'amuran gargajiya. Maganar aure da ta yara tana ciki.

A lura da kyau: ikon sarki na sulhu ne. Yana kiran mutane, ya ji ta bakin kowa, ya ba da shawara, ya ja kunne. In an daidaita, a rubuta takardar sulhu. In ba a daidaita ba, a rubuta takardar rashin sulhu. Takardun nan duka biyu suna da amfani. Da ta farko ake tuna wa uba alkawarinsa. Da ta biyu ake nuna wa alƙali cewa an bi ta gida ba a dace ba.

Saboda haka kada uwa ta baro fada hannu wofi. Ta roƙi a ba ta takarda. Kuma wanda bai gamsu da sulhun fada ba, hanyar gidan shari'a a buɗe take gare shi. Ba raina sarki ba ne, doka ce ta tsara haka.

5. MATAKI NA UKKU: ALƘALI

Mutanen karkara da yawa suna tsoron gidan shari'a. Suna ganin wurin ɓarayi ne da masu kisan kai. Alhali babban aikin alƙali shi ne maganar aure, da gado, da gona, da bashi. Uwar da ta je biɗar abincin ɗanta ba ta yi abin kunya ba. Uban da aka kira ba kaso aka kira shi ba, magana aka kira shi.

Akwai gidan shari'a a manyan garuruwan gundumomi. Ga yadda abin yake tafiya:

Mai ƙara ya je wajen magatakardan kotu ya faɗi kukansa. Wanda bai iya rubutu ba yana faɗi da baki. Wanda bai jin Faransanci yana magana da harshensa. Ba dole ba ne a ɗauki lauya. In akwai abin da za a biya, a tambayi adadinsa, a biya wajen magatakarda, a karɓi takardar shaidar biya. Kada a ba ɗan tsakani kuɗi a bakin ƙofa.

Daga nan a ba da takardar sammaci, a sa rana. Ranar zama, alƙali yana fara da biɗar sulhu. In an shirya a gabansa, ya rubuta. In ba a shirya ba, ya yi shari'a.

Da wace doka yake shari'a? Dokar tsarin shari'a ta shekarar 2018, kamar waɗanda suka gabace ta a 1962 da 2004, ta ce a maganar aure, da saki, da dangantaka, da gado, ana bin al'adar masu shari'ar. Shi ya sa alƙali ba ya zama shi kaɗai. Yana zama da mashawarta masu sanin al'ada da addini, su faɗa masa abin da al'adar mutanen ta ce. Amma dokar ta sa iyaka: ba a bin al'adar da ta saɓa wa yarjejeniyoyin da ƙasa ta amince da su, ko ta tauye ƴancin mutum.

Wannan iyaka tana da muhimmanci. A wurare da yawa al'ada ta ce da an yaye yaro, ko da ya kai shekara 7, sai ya koma gidan uba. Alƙali yana jin wannan. Amma yana duba abin da ya fi zama alheri ga yaron. Ina zai samu kulawa? Ina zai ci gaba da karatu? Wa zai kai shi likita in ya kwanta? Bisa wannan yake yanke wajen wanda yaro zai zauna.

Abubuwan da ya kamata a riƙa in za a je:
takardar haifuwar kowane yaro;
takardar aure, in akwai;
takardar saki, in akwai;
takardar sulhu ko ta rashin sulhu daga fada;
katin likita da takardun magani na yaran;
shaidu biyu da suka san zaman.

Maganar takardar saki tana son ƙarin bayani. Saki na baki, ko na ƴar wasiƙa, yakan bar mace cikin duhu. Ya fi kyau a kai maganar gaban alƙali ya tabbatar da sakin, ya ba da takarda. A wannan zaman ne ya fi sauƙi a yanke maganar riƙon yara da ciyar da su gaba ɗaya.

6. YAYA AKE YANKE ABIN DA UBA ZAI BAYAR?

Babu kuɗi guda da aka yanke wa kowa. Alƙali yana auna abu biyu: bukatar yaro, da ƙarfin uba. Na ma'aikaci mai albashi daban, na ɗan kasuwa daban, na manomi mai jiran kaka daban. Yana duba yawan yaran, da shekarunsu, da sauran iyalin da uban yake ci da su. Ba a ɗora wa mutum abin da ba ya iyawa. Amma talauci bai zama hujjar a ce ko ƙwaya ba. Mai tiya goma yana iya fidda guda.

Ga misali don a gane. A ce wani manomi ya rabu da matarsa, suna da yaro biyu a hannunta. An shirya bisa zai riƙa ba da tiya 10 ta hatsi da jika 5 kowane wata.

Hatsin shekara: tiya 10 sau wata 12, tiya 120 ke nan. In buhu yana cin tiya 40, buhu 3 ke nan.
Kuɗin shekara: jika 5 sau wata 12, jika 60 ke nan.

Manomi ba ya da albashi. Saboda haka ana iya shiryawa ya auna buhu ukkun nan tun da kaka, lokacin da hatsi yake hannu kuma yake da araha. Kuɗin kuma ya riƙa bayarwa wata wata. Wanda ya bari sai bazara, lokacin da tiya ta yi tsada, shi da yaran duka za su sha wuya.

Abin da aka yanke ba ya zama har abada. In yaro ya girma bukata ta ƙaru, uwa tana iya komawa ta biɗi ƙari. In uba ya kwanta ciwo, ko damana ta ƙi, ko aiki ya ƙare, yana iya komawa ya biɗi ragi. Abin da bai kamata ba shi ne ya daina biya da ikon kansa. Wanda kuma bai yarda da hukuncin ba yana da damar ɗaukaka ƙara. Ɗaukaka ƙara tana da wa'adi, don haka a tambayi magatakarda tun ranar da aka yanke.

7. IN UBA YA ƘI BIYA

Hukuncin alƙali ba shawara ba ce. In uba yana da hali ya ƙi biya, uwa ta koma gidan shari'a da takardar hukuncin.

In uban mai albashi ne, ana iya yanke kuɗin tun daga wajen aikinsa, kafin albashin ya shiga hannunsa. In yana da dukiya, akwai ma'aikatan shari'a masu zartar da hukunci, waɗanda doka ta ba ikon biɗar haƙƙin daga dukiyarsa. Bayan haka, dokar hukunta laifuka ta ƙasa ta lissafa yin watsi da iyali cikin laifuka. Mai taurin kai yana iya samun kansa gaban mai gabatar da ƙara na gwamnati.

Ba a fatan abin ya kai nan. Uban da aka ja da ƙarfi yakan riƙe abin a zuci, yaro kuma ya tashi tsakanin gaba biyu. Amma sanin cewa hanyar tana nan yakan sa mutum ya gyara tun da wuri.

8. IN UBA YA TAFI BIƊA, KO YA RASU

Magidanta da yawa suna tafiya biɗa bayan kaka: Nijeriya, Gana, Kwaddibuwa, Libiya, Aljeriya. Wani ya dawo da damana, wani ya shekara biyu babu labari. Takardar alƙali tana da wuyar aiki bisa mutumin da yake bayan iyaka. Maganin abin tun kafin tafiya ne. Uba ya naɗa wakili cikin danginsa a gaban mai gari. Ya ware hatsin yaran cikin rumbu. In ya aiko da kuɗi ta gidajen aika kuɗi, ya adana ƴar takardar da aka ba shi, ita ce shaidarsa. In ya bar gona ko bisashe, uwa tana iya kai magana don a fidda wa yaran abincinsu daga ciki.

In uba ya rasu, yaransa suna da gado, ko da uwarsu ba ta gidan lokacin rasuwar. Sakin uwa ba ya hana ɗa gadon ubansa. Dangi su zauna su naɗa mai riƙon dukiyar marayu, a rubuta abin da aka bari, a kai takardar gidan shari'a a tabbatar. Daga wannan dukiya ake ci da marayu har su girma. Wanda ya ci ta, ya ci wuta, kuma doka tana binsa.

9. TAKARDAR HAIFUWA ITA CE MABUƊI

Duk ƙofar da aka ambata a sama, takardar haifuwa ake fara tambaya. Ita ce take nuna sunan yaro, da ranar haifuwarsa, da sunan uwa da na uba. Uban da sunansa yake bisa takarda ba ya iya cewa bai san yaron ba.

Dokar shekarar 2019 ta ba da kwana 60 daga ranar haifuwa don a sanar. Sanarwar kyauta ce. Wadda ta haifu a likita, a nan ake rubutawa. Wadda ta haifu a gida, a je wurin rubuta haifuwa na gari. Daga baya a karɓi takardar a ma'aikatar magajin gari. Dabara mai sauƙi ita ce: ranar suna an yanka rago, kashegari a je a rubuta.

In kwana 60 sun wuce, ƙofa ba ta rufe ba, amma sai an bi ta hannun alƙali da shaidu. Wani lokaci alƙalai suna fita zagayen ƙauyuka don wannan aiki. In mai shela ya faɗi zuwansu, kada a bari ya wuce. A ajiye takardar cikin leda, cikin akwati, nesa da gara da ruwan damana. In aure ya mutu, a yi kwafi don uwa da uba kowa ya riƙe.

10. MASU TAIMAKO KYAUTA

Rashin sani ya fi dare duhu. Gwamnati ta ajiye mutanen da aikinsu shi ne nuna hanya.

Na farko, hukumar taimakon shari'a ta ƙasa, wadda ake kira ANAJJ. Dokar shekarar 2011 ce ta kafa ta. Tana da ofisoshi a manyan kotuna: Yamai, Doso, Tillaberi, Tawa, Birnin Ƙwanni, Maraɗi, Damagaram, Difa, Agadas da Arlit. Kowa yana iya zuwa ya yi tambaya, a yi masa bayani, ba a biyan ko dala. Dokar ta ambaci matan da suke biɗar kuɗin ciyar da yara, ko riƙon yara, ko rabon gado, cikin waɗanda suka cancanci a taimaka musu a gaban shari'a.

Na biyu, ma'aikatan kula da jin daɗin jama'a da kare yara, a jihohi da gundumomi. Suna sauraren uwaye, suna ziyartar gida, suna sulhu, suna raka mutum inda ya kamata.

Na ukku, alƙalin yara. An kafa wannan kujera a shekarar 1999. In yaro yana cikin haɗari, an yi watsi da shi, ko ana azabtar da shi, ko an kore shi bara babu mai kula, alƙalin yara yana da ikon ɗaukar mataki don kare shi. Maƙwabci ma yana iya kai labari. Ɗa na kowa ne.

11. TAIMAKON GWAMNATI BAI MAYE GURBIN UBA BA

Wasu sukan ce: gwamnati ta ci da su mana. Gwamnati ba ta biyan kuɗin ciyarwa a madadin uban da ya ƙi. Aikinta shi ne ta sa shi ya biya. Amma akwai taimakon da take yi wa yara, kuma ya kamata uwaye su san shi.

A shekarar 2006 gwamnati ta ɗauki matakin duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a likitocin gwamnati, tare da awon ciki. Allurar rigakafi ma kyauta ce. Uwar da aka saki ba ta bukatar jiran kuɗin uba kafin ta kai jariri awo ko rigakafi. Ta riƙe katin yaron a hannunta.

Ma'aikata masu albashi da aka rubuta a asusun kula da ma'aikata na ƙasa, wato CNSS, wanda aka kafa a 1965, suna karɓar kuɗin iyali saboda yaransu. Kuɗin nan don yaran ake ba da su. In uba yana karɓa alhali yaran suna hannun uwa, a faɗa wa alƙali. In ma'aikacin ya rasu, a je asusun a tambayi haƙƙin marayu.

Daga shekarar 2011 gwamnati, da taimakon Bankin Duniya, ta gudanar da shirin tallafa wa gidaje marasa ƙarfi a wasu garuruwa na jihohin Maraɗi, Damagaram, Tawa, Doso da Tillaberi. An riƙa ba mata jika 10 kowane wata har wata 24, tare da koyarwa bisa renon yara. Irin wannan tallafi yana zuwa ya wuce, kuma ba kowane gari yake kaiwa ba. Nauyin uba shi ne mai dawwama.

12. UBA MA YANA DA HAƘƘI

Gidan shari'a ba na mata kaɗai ba ne. Uba yana da haƙƙin ganin yaransa, ya san lafiyarsu da karatunsu. Bai kamata uwa ta hana shi ganinsu don fushin abin da ya wuce ba. Bai kamata ta cusa musu ƙin ubansu ba. In ya ga ba a kula da su, ko abin da yake aikowa ba ya isa bakinsu, ya kai magana fada ko wajen alƙali. Kada ya je ya fizge yaro da ƙarfi. In kuma yaran suna hannunsa, uwa tana da haƙƙin ganinsu haka nan, kuma ya sa ido bisa yadda ake riƙonsu a gidansa.

Uban da yake biya ya kare kansa da rubutu. A sayi ƙaramin littafi. A ja layi huɗu: kwanan wata, hatsi, kuɗi, sa hannun mai karɓa. Duk ranar da aka bayar a rubuta. Ranar da gardama ta taso, littafin zai yi magana. Wanda ya yi wata shidda a cibiyar yaƙi da jahilci yana iya riƙe wannan littafi, ya riƙe wa maƙwabcinsa ma.

Yaron da aka ci da shi yau, shi ne zai riƙe hauya gobe, shi ne zai ci da tsoho. Abin da mutum ya shuka shi yake girba.

ABIN DA ZA A RIƘE

Saki ba ya sauke wa uba nauyin ɗansa.
Hanya ukku ce: dangi, fada, alƙali.
Kowane mataki a karɓi takarda.
A rubuta haifuwa kafin kwana 60.
Tambaya a ofishin taimakon shari'a kyauta ce.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA

1. A wannan gari, wajen wa yara suke zama in aure ya mutu? Wa yake ci da su?
2. Waɗanne abubuwa biyar ne ci da yaro ya ƙunsa?
3. Mi ya bambanta aikin sarki da aikin alƙali?
4. Mi yake hana mata biɗar haƙƙin yaransu? Yaya dattijan gari za su taimaka?
5. Mi ya kamata magidanci ya yi kafin ya tafi biɗa?
6. Yara nawa ne a gidan kowane ɗalibi ba su da takardar haifuwa?

LISSAFI

1. An yanke wa uba jika 5 kowane wata. Ya biya wata 8 cikin shekara. Jika nawa ya biya? Jika nawa ake binsa?
2. Uba yana ba da tiya 15 kowane wata. Tiya nawa ke nan a wata 8? In buhu yana cin tiya 40, buhu nawa ke nan?
3. An haifi yaro yau kwana 25. Kwana nawa suka rage a rubuta haifuwarsa cikin wa'adi?

AIKIN RUBUTU

Kowane ɗalibi ya ja layi huɗu cikin littafinsa: kwanan wata, hatsi, kuɗi, sa hannu. Ya cika layin wata ukku. Malami ya duba. Wanda ya gama ya karanta wa mutanen gidansa wannan darasi da dare.